Daga Burus Li zuwa Jumong: Tarihin Kallon Finafinan Gabashin Asiya da Hirarsu a Ƙasar Arewa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a fadar samari a Tibiri ko Dogon Dutsi bayan sallar lisha, ya san cewa da wuya a tashi daga shan shayi ba a taɓo kokowa ko ƙwallo ko fim ba. Kokowa ta sami masu nazarinta, ƙwallo ma haka. Fim kuwa, idan manazarta suka zo kansa, finafinan Indiya da na Kano suke nufi, sai ka ce Bahaushe bai taɓa kallon wani abu ba bayan waɗannan. Alhali kuwa tun shekarun 1970 akwai wani rukuni na uku wanda mutanen Nijar suke kira finafinan Shinuwa, na Najeriya kuma su ce na ƴan Cana, kuma har yau bai bar bakin samari ba.

Manufar wannan muƙala ita ce bin sawun yadda finafinan Gabashin Asiya, wato na Hongkong da na Sin da na Koriya ta Kudu, suka iso ƙasar Arewa, da irin hirar da masu kallo suka gina a kansu. Abin da muke son nunawa shi ne, a wannan yanki tarihin kallon nan tarihin hira ne kafin ya zama na hoto. Mutane sun ji labarin Burus Li kafin su gan shi, da suka gan shi kuma ba su ji abin da yake faɗa ba, don haka ma'anar fim a bakin masu kallo aka ƙera ta. Wannan sana'ar baki ita ce yanzu take neman ɓacewa ba tare da an rubuta ta ba.

Idan an ce Arewa a nan, ana nufin ƙasar Arawa, waɗanda Zabarmawa da Turawa suke kira Mawri, a kwarin Dallol Mawri cikin jihar Doso, ba arewacin Najeriya ba. Haka kuma Tibirin da ake magana ba Tibirin Gobir ta kusa da Maraɗi ba ce, Tibirin Samna ce, wadda aka cire daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, tare da Dumega da Geceme da Kore Mairuwa.

2.0 Ƙofofi biyu

Ba za a fahimci abin da Ba'are yake kallo ba sai an dubi inda ƙasarsa take. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wanda ya jefa yawancin Arewa a hannun Ingilishi. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 sannan Dogon Dutsi da Matankari suka tabbata a ɓangaren Faransa. Iyakar ta raba dangi: akwai Arawa a Kangiwa da kewayenta cikin jihar Kebbi ta yau, kuma kasuwannin can sun fi kusa da Tibiri nesa ba kusa ba a kan Yamai, wadda take fiye da kilomita 250 daga Dogon Dutsi.

Ke nan kaya na al'ada suna shigowa ta ƙofofi biyu. Ta yamma akwai ƙofar hukuma da Faransanci: lakkwal, gidan rediyon ƙasa, daga baya Tele-Sahel. Ta gabas da kudu akwai ƙofar kasuwa da Hausa: Argungu, Birnin Kabi, Sakkwato, Kano. Finafinan Shinuwa sun bi duka biyun, kuma wannan ne ya sa fim guda yakan sami suna biyu. Wanda ɗan lakkwal ya sani da Opération Dragon shi ne ɗan ci-rani da ya dawo daga Kano ya sani da Enter the Dragon, sauran jama'a kuwa su ce wanda Burus Li ya yi faɗa cikin ɗakin madubai, magana ta ƙare.

3.0 Zamanin sinima: fim a bakin ɗan ci-rani

Sinima abin manyan birane ce. Yamai tana da irin su Vox da Rex da Zabarkan, Maraɗi da Damagaram suna da nasu, Kano kuwa tana da Rex tun 1937. Har farkon shekarun 1970 kamfanoni biyu na Faransa, COMACICO da SECMA, su ne suke riƙe da rarraba finafinai a ƙasashen da Faransa ta mallaka, a Najeriya kuma galibi ƴan kasuwa Kwarori ne. Dukansu abin da suke nema shi ne fim mai araha wanda zai cika kujeru, ko da ƴan kallo ba su ji harshensa ba. Finafinan kaboyi da na Indiya sun daɗe suna biyan wannan buƙata.

Ɗaukar sunan jarumin fim ma ba da Shinuwa ya faro ba. A fim ɗin Jean Rouch, Moi, un Noir, na 1958, samarin Nijar masu ci-rani a Abijan suna kiran kansu da sunayen taurarin Amurka da Faransa. Umaru Ganda shi ne Edward G. Robinson. A 1966 Mustafa Alasan ya fito da Le Retour d'un aventurier, inda wani ya dawo gida da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka dagula garin. Wato masu shirya fim na Nijar da kansu sun lura da wannan hali tun da wuri. Ƙasa a shirye take, iri kawai ya canza.

Sabon irin ya fito ne daga Hongkong, wadda a lokacin take ƙarƙashin Ingila, har zuwa 1997. Kamfanonin Shaw Brothers da Golden Harvest suna fitar da finafinan faɗa da yawa a kowace shekara, ana ɗora musu muryar Ingilishi ko Faransanci a sayar wa duniya. Burus Li ya yi manyan finafinansa huɗu tsakanin 1971 da 1973, ya rasu ranar 20 ga Yulin 1973 yana da shekara 32. Saboda kwafen fim yakan daɗe yana zagaya Turai da biranen gaɓar teku kafin ya hauro, mafi yawan waɗanda suka gan shi a ƙasar Hausa sun gan shi ne bayan ya mutu. Ba mamaki ke nan da mutuwarsa ta zama babban kan hira: guba aka ba shi, ko malaman Shinuwa ne suka yi masa jifa don ya tona asirin faɗansu ga baƙi. Irin wannan jita-jita ta zagaya duniya duka, amma a ƙasar da aka san sammu ba ta sha wahalar samun gindin zama ba.

A ƙauyukan Arewa, wanda ya kawo fim shi ne ɗan ci-rani. Yakan tafi bayan girbi ya dawo gabanin shuka, da rediyo ko agogo ko atamfa, da kuma labarin abin da ya gani a bango. A dandali zai tashi tsaye ya nuna yadda jarumi yake lakatar hanci da babban yatsa, ya kwaikwayi kukan da yake yi kafin ya kai duka. Yara su ɗauka. Kara biyu da igiya sun isa a yi sandar nan mai sarƙa, ko da kuwa ƙeya za ta sha wuya. Abin lura shi ne, wanda yake ba da labarin shi ma bai ji zancen cikin fim ba. Ya ga hoto ne ya cike giɓi da abin da ya sani na tatsuniya da labarin mazan jiya. Don haka Burus Li da ya iso Tibiri tun farko ya riga ya zama rabin Bahaushe.

Bai kamata a zuzuta ba. Brian Larkin, a nazarinsa na 1997 kan Kano, ya nuna cewa a mako guda gidajen sinima sukan ba Indiya dare biyar, Hongkong dare ɗaya, Amurka dare ɗaya. Finafinan Shinuwa ba su taɓa kamo na Indiya ba, musamman a wajen mata. Amma daren nan guda ya yi tasiri fiye da girmansa. Abdalla Uba Adamu ya nuna cewa waɗanda suka fara gwada ɗaukar fim da kyamarar bidiyo a Kano a farkon shekarun 1980, irin su Sani Lamma, finafinan faɗa na Cana suke kwaikwayo, tun kafin Turmin Danya na 1990 wanda ake ƙirga farkon masana'antar Kano da shi.

4.0 Gidan bidiyo

Talabijin ya shigo Nijar ta makaranta a 1964, ya zama na ƙasa baki ɗaya a ƙarshen shekarun 1970. Gwamnatin Seyni Kunce ta kafa wuraren kallo na jama'a a garuruwa da yawa, wasu da hasken rana suke aiki. Sai dai wannan akwati na hukuma ne: labaru, jawabin shugaba, kokowa, wasan kwaikwayo. Abin da ya ba ɗan ƙauye damar zaɓen abin da zai kalla shi ne kaset ɗin bidiyo.

Dalilan yaɗuwarsa na tattalin arziki ne. Daga 1986 darajar naira ta faɗi, kayan Najeriya suka yi arha ga mai sefa: akwatin talabijin, bidiyo, ƙaramin injin wuta, man fetur, da kaset-kaset da ake kwafa a Kano. A ɗaya gefen kuma karyewar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ninka kuɗin hayar fim daga Turai, gidajen sinima na birane suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sinima ta mutu a birni, ta sake haihuwa a ƙauye cikin zana da bunu. Gidan bidiyo bai buƙatar kome sai shinge, benci ko tabarmi, allo a ƙofa da aka rubuta sunan fim da alli, da yaro mai karɓar dala biyar ko goma. Ranar kasuwa ita ce ranar ciniki.

Kaset ɗin da ya iso nan kwafen kwafe ne. Launi ya zube, murya ta shaƙe, ga rurin injin a bayan shinge. Ko da mutum yana jin Ingilishi ko Faransanci ba lalle ya tsinci kome ba. A irin wannan hali fim ɗin faɗa ya fi kowane fim jure wahala, domin jiki ne yake magana. Na soyayya yana buƙatar a ji kalma, na Indiya waƙa ce take ɗauke da shi, na Jaki Can kuwa ko bebe ya kalla zai yi dariya. Le Maître chinois na 1978, inda ɗalibi yake koyon faɗan mashaya daga wani tsoho mai gora, da La 36e Chambre de Shaolin na shekarar nan dai, da finafinan Jet Li daga Le Temple de Shaolin na 1982, duk a wannan zamani suka zama abin da kowane yaro ya sani.

A nan ne aka sami wani mutum wanda ya cancanci a ba shi wuri a tarihi: mai bayani. Ba a naɗa shi, ba a biyansa. Shi ne wanda ya kalli fim ɗin sau biyar ko shida, ko ya ɗan taɓa lakkwal, ya zauna gaba yana faɗa wa na kusa da shi cewa wannan ne ya kashe uban wancan, ku bari ku gani. Wasu su ji daɗi, wasu su ce ya yi shiru ya daina ɓata musu kallo. A Yuganda da Tanzaniya wannan aiki ya zama sana'a sosai, ana ɗaukar muryar mai bayani a ɗora kan kaset a sayar, kamar yadda Matthias Krings ya nazarta. A ƙasar Arewa ya tsaya a baki, shi ya sa bai bar sawu ba.

4.1 Kalmomin hira

Hirar ta haifi nata ƙamus, wanda shi ma yake nuna ƙofofin nan biyu. Jarumi shi ne akta ga wanda ya sha ruwan Najeriya, akter ga ɗan Faransanci. Mugu kuma bos ko shef-bandi. An san ƙa'idar cewa akta ba ya mutuwa, bos kuma sai ƙarshen fim, har maganar ta fita daga gidan bidiyo ta shiga siyasa da kasuwa. Duk faɗan hannu da ƙafa karate ne, ko da kuwa karate na Japan ne, abin da ake gani a finafinan Hongkong kuma kunfu ne na Sin. Wannan kuskure yana da ban dariya idan aka tuna cewa a La Fureur de vaincre na 1972 ƴan makarantar faɗa ta Japan su ne abokan gaba, jarumin kuma yana ɗaukar fansar malaminsa ne a birnin Shanghai da baƙi suka mamaye.

Ko masu kallo sun gane wannan saƙo na adawa da mulkin mallaka? A wasu ƙasashe an yi rubuce-rubuce da yawa a kan yadda baƙaƙen fata suka ga kansu a jikin Burus Li, ƙaramin mutum wanda ba Bature ba yana kayar da ƙattin Turawa. A ra'ayinmu bai kamata a ɗauko wannan fassara dungurungum a ɗora wa Arewa ba. Gaskiya ne cewa ƙasar da Sarauniyar Lugu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Afrilun 1899 ba baƙuwar wannan labari ba ce. To amma abin da ya fi fitowa a bakin masu hira ba launin fata ba ne, alaƙar malami da almajiri ce. Yaro maraya ya je wajen tsoho, tsoho ya ƙi koya masa kome sai ɗiban ruwa da saran itace, shekaru su wuce, sannan a ba shi sirri guda wanda aka hana sauran ɗalibai. Wanda ya yi karatun allo, ko ya yi yaron maƙeri, ko ya ɗauki jakar ɗan kokowa, ba ya buƙatar mai fassara a nan.

4.2 Horo ne ko magani?

Babbar gardama, wadda ba ta taɓa mutuwa ba, ita ce ta tushen ƙarfin jarumi. Ɓangare ɗaya ya ce horo ne kurum, ga shi ana nuna yadda yake dukan itace har hannu ya yi kanta. Ɗaya ɓangaren ya ce ba a tashi sama a tsaya kan reshe da horo, ba a kuma sari mutum da takobi ya lanƙwashe sai da wani abu a ƙasa. Su kuwa suna da sunan kowane abu: wanda ƙarfe bai kama shi ya ci tauri, wanda ya ɓace yana da layar zana ko baduhu, wanda kibiya ta kauce masa kau-da-bara gare shi, wanda ya taɓa abokin gaba ya sandare sagau ya yi masa. Na uku, galibi ɗan makaranta, ya ce duk dabarar kyamara ce da igiya, sai a taru a kansa.

Wannan gardama ba ta wasa ba ce kamar yadda take a ido. A shekarun 1990 ne Dogon Dutsi ta shiga rikicin aƙida tsakanin ƴan Izala da sauran Musulmi, bori kuma yana ta ja da baya, kamar yadda Adeline Masquelier ta bayyana a littattafanta na 2001 da 2009. Laya da guru da ɗan kokowa yake ɗaurawa a fili sun zama abin tuhuma. Saurayin da ba zai iya fitowa ya kare tauri a gaban malami ba, yana iya yin awa biyu yana kare ƙarfin wani ɗan Shawolin, domin wannan can ne a Sin, ba wanda zai kafirta shi. Muna ganin fim ɗin Shinuwa ya zama wata rumfa da aka fake a ciki ana tattauna abin gida. Ya dace a ƙara da cewa masu wa'azi ba su ƙyale gidan bidiyo ba, amma abin da suka fi suka shi ne cuɗanyar maza da mata da finafinan batsa da satar kuɗin shiga. Faɗan Shinuwa bai cika shiga bakinsu ba, tun da ba rawa ba rungume-rungume.

Fadojin samari da suka yaɗu bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da aikin gwamnati ya ƙafe aka bar masu takardu da butar shayi, su ne suka zama majalisar wannan hira. Masquelier ta keɓe musu littafi guda a 2019. Wasu daga hira suka wuce zuwa aiki, suka shiga kulob na karate ko tekwando a birane. Ba za a ce fim ne kaɗai ya jawo ba, amma lokacin da Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa ta tekwando a Riyo a 2016, ta biyu a tarihin ƙasar bayan tagullar Isaka Dabore ta dambe a 1972, sannan ya zama zakaran duniya a Koriya a 2017, jama'ar da ta tarbe shi ta shekara arba'in tana kallon shuri a allo.

5.0 Koriya ta shigo fada

Da faifai ya maye gurbin kaset a shekarun 2000, abu biyu suka canza. Na ɗaya, faifai guda yana iya ɗaukar awoyi da yawa, don haka dogon shiri mai kashi-kashi ya zama abin sayarwa a kasuwa. Na biyu, na'urar ta yi arha har ta shiga ɗakunan aure, matan da ba sa zuwa gidan bidiyo suka zama masu kallo. Masquelier ta rubuta yadda ƴan mata da samarin Dogon Dutsi suka ɗauki shirin Rubí na Meziko tamkar makarantar soyayya. A wannan ƙofa da ta buɗe ne shirye-shiryen tarihi na Koriya ta Kudu suka biyo, ta kasuwannin Najeriya.

Biyu sun fi fice. Dae Jang Geum, wanda gidan talabijin na MBC ya nuna a 2003 da 2004 cikin kashi 54, labarin wata yarinya ce da ta tashi a madafar fada ta zama likitar Sarki Jungjong a ƙarni na 16. Jumong kuwa, na 2006 da 2007, kashi 81 ne, a kan wanda ya kafa daular Goguryeo, a shekara ta 37 kafin haihuwar Annabi Isa bisa ga al'adar Koriya.

Yana da kyau a tsaya kan Jumong, domin kusan kowane ginshiƙi nasa yana da ɗan'uwa a tarihin Arewa. Jarumin ya tashi a gidan Sarki Geumwa ana ɗaukarsa ɗan sarki, alhali ubansa wani ne. Da Hausa agola ke nan. Ƴaƴan uwargida, Daeso da Yeongpo, suna neman ransa. Wannan ƴan'ubanci ne tsantsa. Ya bar garin da ƴan tsirarun mabiya ya kafa tasa sarauta da taimakon Soseono, ɗiyar wani attajirin fatake. Gwaninta tasa harbin baka ce, kuma rabin labarin a maƙera yake, ana neman sirrin ƙarfen da zai karya takubban daular Han. Wanda ya karanta Histoire mawri ta Marc-Henri Piault ta 1970 zai tuna cewa sarautar Arewa kanta ana danganta ta ga baƙo ɗan sarkin Barno da ya auri ɗiyar Baura, kuma tarihin yankin cike yake da ƴaƴan sarki da suka rasa gado suka fita suka kafa nasu gari. Tibiri ma da yaƙi ta yi suna, a zamanin Samna Karfe, a tsakiyar ƙarni na 19 lokacin da Kabawa da Arawa da Zabarmawa suka tayar wa Gwandu.

Saboda haka hirar Jumong ta bambanta da ta Burus Li. Ba a tambayar yadda ya yi tsalle, ana tambayar ko agola yana da haƙƙin gado, ko Geumwa ya kyauta da ya fifita ɗan wani a kan nasa, ko Soseono ta yi daidai da ta bar masa mulki ta tafi bayan matarsa ta fari ta dawo. Dattawa da suke raina faɗan Shinuwa a matsayin wasan yara sukan zauna su sa baki a wannan. Mata kuma sun sami nasu a madafar Jang Geum: makircin fada, guba a abinci, kishi, haƙuri. An kuma yaba da suturar da ta rufe jiki da yadda ƙarami yake sunkuyar da kai gaban babba, har a ce mutanen nan suna da kunya. Wannan yabo ne da finafinan Indiya suka daɗe suna samu, suka fara rasa shi da salonsu ya koma na Turai. Har yanzu dai da yawa Shinuwa suke ce wa ƴan Koriya. Samari masu waya ne suka fara rarrabewa, musamman bayan Squid Game na 2021.

6.0 Da fim ya fara jin Hausa

Duk abin da aka faɗa a sama kasuwa ce ta kawo shi, ba gwamnati ba. Nijar ta ƙulla hulɗa da Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1974, ta koma ga Taiwan a 1992, ta dawo a 1996, kuma babu alamar cewa gidajen bidiyo sun san an yi. Sashen Hausa na Rediyon Sin yana watsa shiri tun 1963, amma ba shi ya kawo Jaki Can ba. Sai a shekarun 2010 hukumomin Sin suka shigo fagen da kansu. A 2013 aka nuna wani shirin soyayyar matasan Beijing da muryoyin Hausa a talabijin na Najeriya. Kamfanin StarTimes, wanda ya shiga Najeriya a 2010, ya buɗe tashar Hausa mai suna Dadin Kowa, yana kuma ɗora wa shirye-shiryen Sin muryar Hausa. Koriya ta Kudu ita ma ta buɗe cibiyar al'adunta a Abuja a 2010.

Amma wanda ya fi taɓa ɗan Tibiri shi ne fassarar ƴan kasuwar Kano. Ɗakunan ɗaukar murya irin su Algaita sun fara da finafinan Indiya, daga baya harkar ta haɗa da na Sin da Koriya da Turkiyya. Ba a ma buƙatar faifai: mai shagon caji yana tura kashi goma ko ashirin cikin katin waya a kan kuɗi kaɗan. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, iyaka kuma ta rufe har Maris ɗin 2024, wannan ciniki bai tsaya ba, domin faranti ɗaya na hasken rana ya ishe shi, kayan kuma ba sa bi ta gaban kwastan.

Ribar a fili take: karo na farko tsohuwa a Dumega tana jin abin da sarkin Koriya yake faɗa. Hasarar ce ba a cika lura da ita ba. Mai bayani ya rasa aikinsa, tun da fim ya zo da bayaninsa. Mai fassarar Kano shi ne yanzu yake yanke hukuncin wane ne azzalumi, shi yake sa wa jarumi karin magana da barkwanci, wani lokaci har da sunan Hausa. Gardamar da a da ake yi kan abin da ya faru ta ragu, ta koma kan ko fassarar wane ta fi ta wane daɗi. Kallon kansa ya tashi daga benci ya koma tafin hannu, mutum biyu ko uku a kan waya ɗaya.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafi wannan sashe kai tsaye. Hausar fassara Kananci ce. Yaron da yake yin awa biyu ko uku kullum yana jin suka da muka da ƴa da gidansa, a gidan da ake cewa sunka da munka da ɗiya da gida nai, dole kunnensa ya karkata. Finafinan Kano sun fara wannan aiki tun shekarun 1990, fassara ta ƙara masa yawa. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris ɗin 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, tambayar wace Hausa za a rubuta a kuma koyar ta daina zama ta masana kaɗai, kuma shagon caji ya riga kwamiti fara amsa ta.

Ta fuskar madogara, aikin yana da gaggawa. Kaset ba ya jure zafi da ƙura, allon ƙofa an goge shi kowace safiya, masu gidajen bidiyo na farko kuma sun manyanta. Ɗaliban da suka fito daga Tibiri da Geceme da Matankari, waɗanda suke komawa gida lokacin hutu da waya a aljihu, suna iya zaunar da irin mutanen nan su ce su ba da labarin fim guda daga farko har ƙarshe da bakinsu, a ɗauka yadda ya fito, da Arewancinsa da kukan Burus Li da kome, sannan a ajiye shi kusa da fim ɗin na asali a gwada.